Juyi Arba'in

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Fagge ta shiga Sabon Gari da hantsi, ba zai rasa sanin wani dattijo mai farar riga da baƙin wando ba, gugarsu har ɗaukar ido take yi, yana tafe riƙe da kula a hannun hagu. Sunansa Sylvester, amma mutanen Fagge Silba suke ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa makanike ne a tashar jirgin ƙasa, kuma idan yana Hausa a bayan labule sai ka rantse Bakano ne na cikin badala. Kirista ne, ɗan ƙabilar Ibo, sana'arsa kuwa haɗa barasa. Ya san maƙwabtansa Musulmi ba su da ruwa da wannan sana'a, don haka bai taɓa ƙetarawa da ita iyakar Sabon Gari ba, su ma ba su taɓa rage masa gaisuwa ba.

A kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ya koyi aikin, daga nan ya koma wani otal a Sabon Gari, inda ya shekara talatin da ɗaya a bayan kantar mashaya. Haɗe-haɗen da ya iya suna da yawa, amma wanda ya yi suna a kansa shi ne wanda ya laƙaba wa suna Tsohon Yayi. Ƙwayar sukari ɗaya ake sawa a tambulan, a ɗiga mata ruwan ɗaci sau uku, a murƙushe ta. A zuba wuski da ƙaramin ma'auni na tagulla, cike biyu. A saka ƙanƙara dunƙule guda, a juya da dogon cokali sau arba'in, sannan a matsa ɓawon lemo a kai. Silba bai yarda da girgizawa ba, bai kuma yarda da tambulan mai launi ba. Idan ya gama sai ya ɗaga tambulan ɗin ya saita shi da taga. In bai hango ƙarafan tagar ta cikinsa garau ba, ba zai miƙa wa kowa ba.

Ƙanƙarar kuwa daga wurin amininsa Alhaji Ganiyu yake karɓo ta, wani Bayarabe Musulmi mai injin ƙanƙara a Fagge, wanda yake tafasa masa ruwan sau biyu kafin ya daskarar, don ta fito tas kamar gilas.

"Oga Silba," Alhaji Ganiyu yakan ce, "ni dai ruwan Allah na sayar maka. Abin da ka yi da shi kai da Ubangijinka."

"Alhaji, ai shi ya sa nake biya da hannun dama," in ji Silba, su tuntsire da dariya.

Da mai otal ɗin ya mutu, ɗansa Ebuka ya gaje shi. Matashi ne mai son a san da shi, mai zobe a yatsu uku. Ya kawo tambulan shuɗi da ja, ya ce kowane haɗi a cika shi da lemon kwalba da zaƙi, a girgiza, a miƙa da sauri. Ya kuma karɓe makullin ɗakin ajiya daga hannun Silba. Silba ya haɗiye wannan duka, domin ya ɗauki Ebuka a kafaɗa yana yaro.

Wata Lahadi da rana, bayan an taso daga coci, Cif Ifeanyi ya shigo da baƙi. Shi ne dattijon da ke shugabantar ƙungiyar 'yan garinsu Silba mazauna Kano, kuma ya shekara ashirin ba ya shan komai sai Tsohon Yayi. Silba ya haɗa kamar kullum. Da ya ɗaga tambulan ɗin wajen taga sai ya ga ya dagule, ƙarafan tagar sun ɓace. Kafin ya janye hannu Cif ya riga ya karɓa ya kurɓa, ya tofar a ƙasa.

"Wannan ai ogogoro ce!" Cif ya ce da ƙarfi, yana nufin barasar gida mai arha.

Ebuka ya taho a guje. Bai tambayi kowa komai ba, sai ya nuna Silba da yatsa mai zobe.

"Ranka ya daɗe, na daɗe ina zargi. Tsohon nan juye wuskina yake yi ya sayar, ya cika kwalba da tasa. Baba Silba, ashe furfurar ɓarawo ma fara ce?"

A gaban baƙi ya fizge ma'aunin tagullar ya wurga shi titi. Silba ya fita ya tsince shi a bakin kwata, gefensa ya lotse. A ranar Ebuka ya kore shi daga aiki.

Korar ba ita ta ci masa rai ba, sunan ne. A coci aka janye shi daga cikin masu zagayawa da farantin baiko. A taron ƙungiya, kujerarsa ta koma can baya kusa da ƙofa. Matarsa Ifeoma, mai sayar da atamfa kusa da shataletalen Bata, ta dawo wata rana idanunta jawur, ta ce wata abokiyar ciniki ta ƙidaya yadin da ta auna mata sau biyu, tana cewa gidan ɓarawo ba a sakin jiki.

Silba ya zauna ya yi ta tunanin tambulan ɗin nan. Ogogoro fara ce kamar ruwa, kuma ba ta dagulewa a kan ƙanƙara. Ashe abin da aka rina ta da shi ne ya tona kansa. Ya sayo ogogoro, ya jera tambulan a kan teburin Ifeoma, ya shiga gwaji kamar ɗalibin kimiyya. Ya rina da ƙonannen sukari, ya juya sau arba'in, ta tsaya garau. Ya gwada ruwan goro, launin bai yi ba. Ya gwada karan dafi, ta yi ja da yawa. A mako na bakwai ya dafa ganyen shayi mai kauri ya rina da shi. Launin ya fito sak na wuski. Ya saka ƙanƙara ya fara juyi. A juyi na goma ba abin da ya canza, a na ashirin ma haka. Wajen na talatin sai ta fara dishi-dishi, a na arba'in ta zama ruwan kududdufi. Ya maimaita sau goma sha biyu, bai sami saɓani ba.

"To je ka gaya wa Cif mana," in ji Ifeoma.

"A'a. A gaban jama'a aka ce mini ɓarawo. Ba zan karɓi wankin a ɗaki ba."

Shekara uku ya yi yana jira, yana haɗa abin sha a bukukuwan 'yan tsirarun da ba su guje shi ba. Alhaji Ganiyu ya sha ce masa, "Oga Silba, ka bar wa Allah." Shi kuwa sai ya amsa, "Na bar maSa, Alhaji, amma ban ce ba zan je kallo ba."

Ranar ta zo lokacin da Ebuka ya nemi a naɗa shi mataimakin shugaban ƙungiya. Ya gayyaci dattawa da matansu liyafar rana a otal ɗinsa. Silba ya goge farar rigarsa, ya karɓo ƙanƙara cike da kula a Fagge, ya sa lotsattsen ma'auninsa a aljihu. Ya shiga zauren kai tsaye. Ya durƙusa a gaban babban tebur.

"Ranka ya daɗe, Cif, na tsufa, ba na so in mutu da tambulan na ƙarshe da na ba ka yana mai ɗaci. A ba ni izini in haɗa maka Tsohon Yayi sau ɗaya, a gaban kowa."

Ebuka ya ji daɗin ganin furfura a ƙasa. Ya yi murmushi ya ce, "A bar shi, ranka ya daɗe. Amma a lura da aljihunsa." Wasu suka yi dariya.

"Gaskiyar Ebuka ce," in ji Silba. "Saboda haka ba zan taɓa kwalba ba. Tambulan biyu zan haɗa, ɗaya na Cif, ɗaya na mai gida. Na Cif a zuba daga kwalbar da ke kan teburinsa. Na mai gida kuwa, Cif ya tashi da kansa ya zaɓo kwalba daga cikin waɗanda ake sayar wa jama'a, Ebuka ya buɗe ya zuba da hannunsa."

Murmushin Ebuka ya ragu. Kwalbar babban tebur ta gaske ce, ya tanada don manya. Waɗanda ke kan kantar mashaya kuwa ya san abin da ke cikinsu. Amma murfinsu a rufe yake, launinsu daidai, kuma shi ne zai sha, ba Cif ba. Ya buɗe, ya zuba cike biyu a ma'aunin da ya taɓa wurgarwa.

Silba ya saka ƙanƙara. Ya fara da na Cif, yana ƙirga a fili, ba gaggawa. Arba'in. Ya ɗaga shi wajen taga, ƙarafan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye. Ya kama na biyu. A juyi na ashirin mata suka kama taya shi ƙirga cikin raha. A na talatin rahar ta tsaya. A na arba'in ya ɗaga tambulan ɗin sama sosai, ya juya da shi ga kowane tebur, a hankali, yadda har na bakin ƙofa za su gani.

"Ogogoro ce da ruwan shayi," ya ce. "Shayi ba ya jure sanyi. A lemon kwalba da tambulan shuɗi yana ɓuya, a nan kuwa ba shi da maɓoya. Shekara uku rabona da gidan nan, ranka ya daɗe. Wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiya?"

Cif Ifeanyi ya sa aka ɗauko kwalba ta biyu da ta uku. Silba ya juya kowacce sau arba'in, bai tsallake ko ɗaya ba, yana jin daɗin kowane juyi har cikin ƙashinsa. Duk suka dagule. Sannan ya tura tambulan ɗin mai gida, wanda ya fara dagulewa, gaban Ebuka.

"Bismilla, mai gida. Sha mana, ɗana. Ai kayanka ne."

Ebuka ya dubi tambulan ɗin, bai taɓa shi ba. Cif ya miƙe ya kama hannun Silba, ya zaunar da shi a kujerar da aka ƙawata domin sabon mataimaki, ya ce da babbar murya, "Sylvester, mun ci amanar furfurarka." Ba a yi naɗi ba ranar, ba a kuma sake zancensa ba.

Lahadin da ta biyo aka mayar wa Silba farantin baiko. Ebuka ya aiko mutane sau biyu a roƙe shi ya dawo aiki, domin mashayar ta zama kufai. Ya ba su ruwan sanyi ya sallame su. Har yau ma'aunin a lotse yake, ya ƙi kai wa maƙeri. Kuma kowane hantsi, idan ya karɓo ƙanƙara, ba ya bin gajeriyar hanya. Sai ya zagaya ta ƙofar otal ɗin, ya rage tafiya, ya leƙa kujerun da ba kowa.

"Haba Oga Silba," in ji Alhaji Ganiyu, "ka rama har da ƙari. Yaushe za ka yafe wa yaron nan?"

Silba ya gyara riƙon kularsa.

"Ranar da ya shanye tambulan ɗin nan, Alhaji. Har yanzu bai kurɓa ba."