Kifin da Na Kawo Ɗakin Baba

Ranar wata Asabar ce, sati biyu bayan babbar salla, a shekarar da na shiga aji huɗu, na ratso lungunan unguwarmu ta Nima da gudu, na ɓoye leda mai ruwa a cikin hijabina kamar wadda ta sato nama. A cikin ledar akwai wani mummunan kifi, baƙi mai dabbare-dabbare, bai fi ɗan yatsana tsawo ba, bakinsa kuma a ƙasan kai yake, zagayayye. Wani mai sayar da kifin ado a bakin titin Maamobi ne ya ba ni shi, na juye masa ɗan abin da na samu na barka da salla. Sunansa fleko, in ji mutumin, amma kowa kilina, wato mai shara, yake ce masa. "Wannan ba ka ba shi abinci," ya ce mini da Hausarmu ta Zango, "datti shi ke ci. Gilas naka zai yi fes." Maganar da na zo ji ke nan, don haka ban ƙara tambayarsa komai ba.

Mahaifina kuku ne. Ya shekara da shekaru yana girki a gidan wani Bature, kuma da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa tankin gilashi da kifaye biyar da ake kira diskos, masu faɗi kamar ƙaramin faifai, ja da shuɗi a jikinsu. Ba a yi wata shida ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. A ciki da falonmu na gidan haya, aka ajiye tankin nan a kan tebur daidai ƙafar gadonsa. Saboda kifayen ne yake yarda a tayar da shi zaune, a jingina shi da matashi. Kullum da safe sai ya ɗaga yatsan hagu ya ƙirga su, "ɗaya, biyu, uku," da ƙyar, yawu na zuba. Da wannan ƙirgar maganarsa ta fara dawowa, har ya kai ga iya kiran sunana, Samira.

To amma diskos kifi ne mai iyayi. Ba ya son sanyi, ba ya son datti, ba ya son a buga ƙofa da ƙarfi. Mma, mahaifiyata, tun asuba take fita sayar da shinkafa da wake, don haka duk hidimar a kaina ta faɗo. Ni ce mai ɗauko galan daga wurin mai famfo, in bar ruwan ya kwana kafin in sauya musu. Ni ce mai zura hannu har hammata in kankare gansakukar da ke manne wa gilashi, koriya, mai santsi, mai wari, wadda bayan kwana uku take dawowa kamar ban taɓa ta ba. Ina wannan aikin ina jiyo tafin 'yan matan gidan suna wasan tsalle na ampe a tsakar gida, kuma kafin in gama an kira la'asar, sai makarantar allo. Ba zan ɓoye ba, na tsani kifayen nan, kuma ina jin haushin yadda Baba ke kallon su fiye da yadda yake kallona.

Da na saki fleko a cikin tankin, Baba ya leƙa shi ya yi dariyarsa ta ɓari ɗaya ya ce, "Mummuna." Mummuna kuwa ya yi aiki. Cikin sati guda gilashi ya yi tas, ni kuma na koma ampe har ƙafata ta yi kanta. Ban taɓa jefa masa ko ƙwayar abinci ba, tunda an ce datti ne cimarsa, kuma ban tsaya na tambayi kaina me zai ci idan dattin ya ƙare ba. Ya yi ta girma a ɓoye bayan wani guntun itace har ya fi tafin hannuna. A lokacin mutum ɗaya ce ke shigowa ɗakin kullum, Anti Adiza mai koko, wadda ɗakinta ke kallon namu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. 'Yan'uwa da abokan Baba duk sun ɗauke ƙafa, ita kuwa kowace safiya sai ta kawo masa koko, ta zauna tana ba shi labarin unguwa, tana tsokanarsa har ya amsa.

Sai wata safiya muka ga tabo a gefen babban diskos ɗin, fari, zagayayye, kamar an ɗora kwabo an ɗauke. Bayan kwana biyu wani ma ya samu. Suka daina cin abinci, launinsu ya yi duhu, suka takure a kusurwa. Ƙawayen Mma suka shigo suka duba, suka haɗa kai suka yanke cewa baki ne. Aka tuno Anti Adiza ta taɓa cewa, "Ei, waɗannan kifi sun fi amarya kyau," ba ta ce tubarkalla ba. Mma ta je wurin malam ta karɓo rubutu, aka ba Baba rabi ya sha, sauran ta tuttule a cikin tankin har ruwan ya yi toka-toka. Washegari babban ya taso a gefe ɗaya, ya mutu. Baba ya ƙirga, ya tsaya a huɗu, yatsansa na rataye a sama yana neman na biyar.

Kwana uku bayan haka na ga abin da idona. Da azahar ne, hadari ya rufe gari, aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi duhu. Idan babu wuta injin iska ba ya aiki, sai in tsaya ina ɗibar ruwan da kofi ina zubawa. Ina tsaye Mummuna ya fito daga bayan itacensa, ya tashi sama a hankali, ya kafa baki a gefen wani diskos ya manne. Kifin ya yi ta fizga yana karo da gilashi, shi kuwa yana tsotsar majinar jikinsa. Da ya sake shi, ga tabon nan fari, sabo. Baba na barci. Na san yunwa ce ta sa shi, na san ni na kawo shi, ni kuma na hana shi abinci. Da yamma Mma ta tsaya a tsakar gida gaban kowa ta nuna ɗakin Anti Adiza ta ce, "Wannan mace idonshi ba shi da kyau. Kar ya ƙara taka ƙofa na." Ina tsaye a gefenta riƙe da bokiti. Tsoron duka ya kama ni, da kuma abin da ya fi shi muni, ƙyashin komawa kankare gilashi. Na yi shiru.

Na fara jefa wa Mummuna ɓawon doya a ɓoye, amma ya riga ya saba da ɗanɗanon da ya fi masa. In cire shi kuwa, sai an tambaye ni dalili. Ƙirgar Baba ta sauko uku, ta sauko biyu. A gidan kuma mata suka daina sayen kokon Anti Adiza, suna janye 'ya'yansu idan ta wuce, har wata rana ta ɗaure kayanta a saman trotro, motar haya, ta tafi. Baba ya yi ta tambaya, "Adiza fa?" Mma ta ce masa ta yi tafiya. Ranar da na ƙarshe ya mutu, bai ɗaga yatsa ya ƙirga ba. Ya juya fuska ga bango, ya ƙi a tayar da shi zaune, maganar da ya sha wuya kafin ya dawo da ita ta sake komawa ciki. Bai ga azumin da ya biyo baya ba. Mummuna na nan shi kaɗai a tankin, ya yi ƙiba, sai da na juye shi a babbar kwata da hannuna.

Sai da na girma na karanta cewa masu kiwon diskos sun san wannan halin na fleko, kuma maganin bai wuce a ciyar da shi ko a raba su ba. Shekaru uku da suka wuce na gano Anti Adiza a unguwar Madina, ta tsufa, ido ɗaya ya rufe. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai ina kuka. Da na gama sai ta ce, "Samira, kifi bai dame ni ba. Babanka ya mutu, ba wanda ya aiko mini. Ko fatiha ban zo na yi ba." Ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, amma ba ta riƙe hannuna ba da zan tafi.

An rushe gidan namu, shaguna ne a wurin yanzu, kuma yaran Nima sun fi kallon waya a kan tsallen ampe. Ni ma na zama uwa, na zama mai faɗa wa yara su riƙa faɗin gaskiya ko za a doke su. Wani lokaci nakan so a mayar da ni tsakar gidan nan na minti ɗaya tak, in buɗe baki kafin Mma ta gama maganarta. Na samu wadda zan roƙa gafara a Madina, amma Baba ya tafi yana zaton ita ma ta gaji da shi ne.