Gadar da Baba Ya Yi wa Tarakta

Wata Laraba ce a ƙarshen bazarar shekarar da ruwan Kainji ya cinye tsohon garinmu. Ina surfen gero a tsakar sabon gidan da aka ba mu kusa da Warra, sai na ji wata ƙara kamar ana jan tsohuwar garwa a kan dutse. Na yar da taɓarya na bi yara da gudu. A bakin ƙoramar da ta raba gari da sababbin gonaki muka tarar da jar tarakta tana huci, direbanta ya leƙa ramin ya girgiza kai ya juya.

Mu mutanen ruwa ne, fadama muka sani. Ƙasar tudun nan kuwa fartanya tsalle take yi a kanta. Duk da haka babu wanda ya yi murna da motar noman. Waɗanda suka tashe mu su suka aiko ta, don haka dattawa suka ce awon gonaki ta zo yi, a sake ƙwacewa. Da mahaifina, wanda sassaƙar jiragen ruwa ce sana'arsa, ya ce zai yi mata gada, sai zargin ya dawo kansa. Aka ce an saye shi. A rijiya mata kan yi shiru in Inna ta iso, ƙawayena kuma suka daina kirana gaɗa.

Baba ya kama aikinsa. Ya auna tsakanin sawun tayoyin da igiyar komar kamun kifi, ya ƙulla. Ya kafa ginshiƙan ƙirya a gaɓa biyu, ya danne gindinsu da duwatsu, ya gitta itatuwan giginya uku-uku daidai inda kowace taya za ta bi, sannan ya shimfiɗa katakon wani tsohon jirginsa a kai. Kowane itace sai ya ƙwanƙwasa shi da gatari ya kasa kunne, wanda ya yi amon ganga ya yar. Ni dai, gaskiya, gani nake yi abin bai fi gadon kara ba.

Da direban ya dawo, ya zagaya gadar, ya yi tsaki. "Wallahi ba ni ɗora motar gwamnati bisa wagga aba." Shi ma zarginmu yake, wai tarko muka haɗa masa. To a wurin masassaƙa akwai al'ada: wanda ya sassaƙa jirgi shi ke fara shigarsa a ruwa mai zurfi, kafin ya miƙa wa mai shi. Baba ya cire hula, ya gangara cikin ƙoramar, ya zauna a ƙarƙashin gadar ya miƙe ƙafa. "Taho," in ji shi. "In ta hwaɗi, bisa kaina za ta hwaɗi."

Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Katako ya yi ƙara, ƙasa ta riƙa zubo wa Baba a ka, ni kuwa na runtse ido don na riga na tabbatar na zama marainiya. Da na buɗe, tarakta tana ƙetare. Babu wanda ya ba Baba haƙuri. Cewa ma aka yi ai da laya a jikinsa, amma da daminar ta kama har masu maganar a kan gadar suke wucewa gona.

Yanzu gadar siminti ce a wurin, manyan motoci na bi ba wanda ke ko rage gudu, ba kuma wanda ke tambayar wa ya gina ta farkon. Nakan tsaya in na je gida, raina ya sosu. Na daɗe da yafe wa mutanen gari. Abin da ke cina shi ne, har Baba ya rasu yana cewa 'yarsa kaɗai ce ba ta taɓa shakkarsa ba.