Kugen da Ba Mai Buga Shi

Ƙarar dutse a kan ruwan fartanya ce ke fara dawo mini, kafin ma ƙamshin gyaɗar da ke gasuwa cikin toka. A Karare, bayan sallar isha'i, kakata Iya Abu kan hura wuta da karan dawa, mu jikoki mu kewaye ta. Kullum akwai wani tsohon ruwan fartanya marar ƙota a gefenta.

"Ga ta nan tafe, ku gyara zama," in ji ta, sannan ta dube ni. "Ke 'yar boko, rufe bakin nan, kada sauro ya yi gida a ciki."

Tatsuniyar da ta fi so ta wani maƙeri ce. Ya ƙera wa garinsu kuge, ƙarfen nan da ake bugawa don kiran jama'a. Duk wanda ya ɓace a daji, makiyayi ko mai itace, da an buga kugen sai ya bi sautin har gida. A nan Iya kan ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa fartanyar, mu yi tsit.

Wata rana sai ga masu jajayen kunnuwa da sojojinsu. Suka ƙone rumbuna, suka jefa kugen a akwati, suka haye teku da shi. Suka gina masa ɗaki mai kyau, amma ba mai taɓa shi.

"Sai me, Iya?"

"Sai barci. Ta ƙare."

Haushi nake ji, don ita kaɗai ce tatsuniyarta da ba ta da ƙarshe.

Na girma, na shiga jami'a. A lokacin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka daga Ruma har gefen Safana, Iya ta dawo gidan Kawu a Batsari da ƙullin kayanta. Aka shirya muhawara a ajinmu: ko ya kamata gidajen tarihin Turai su dawo da kayan da aka wawashe lokacin yaƙin Turawa? Na miƙe na ce a bar su can. Ƙasar da ake cinna wa ƙauyukanta wuta, a ina za ta adana ƙarfe da fata? Aka tafa mini.

Da na zo hutu na ba ta labari, ina jiran yabo. Tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗago ba.

"Lafiya lau suke ajiye, kin ce?"

"Cikin gilashi, Iya. Ko ƙura ba ta taɓa su."

"Madalla. To kugen fa, wa ke buga shi?"

Na yi dariya, na ce ai wannan tatsuniya ce. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Har yau ban ce tsorona ƙarya ba ne. Wuta tana ci, na gani da idona. Amma na yi maganar adana abu, na manta da masu jiran jin muryarsa. Iya kuwa da ta gudo, tukwanenta ta bari, ta ɗauko fartanyar.

Sai bayan rasuwarta Kawu ya miƙo mini fartanyar, ya ce ƙirar kakan Iya ce. Shi ne maƙerin. Ya bi sawun sojojin cikin daji don ya roƙa a ba shi kugen garinsu, bai dawo ba. A gida kuma ba abin da za a buga a kira shi.