Shokozobar Simiuni

Shekara arba'in Simiuni yana ciyar da garinmu. In ya dawo farautar karibu, manyan barewar ƙasarmu ta ƙanƙara, sai a yi shela a rediyo: tsofaffi da zawarawa su kawo kwano. Shi ke yanka, shi ke rabo, kuma bakinsa bai bar kowa ba. "Karɓi hanta, Baba, ba ta son haƙori," haka yake ce wa tsofaffi.

A shekararsa ta sittin da takwas shokozobar babur ɗinsa na ƙanƙara ta fashe. Kowane tudu sai ya ji shi a ƙashin baya, kuma saura kwana biyar mu fita farautar ƙarshe kafin ƙanƙara ta narke. Wanda bai fita ba ya shiga layin masu kwano.

Ya je wajen surukinsa Joanasi, bakaniken gari.

"Baba, sabuwa sai jirgi ya zo, sati uku," in ji Joanasi. "Ka huta mana. Wacce ta fara mutuwa ma, ta babur ko ta bayanka?"

Muka yi dariya, har da ni.

Babur irin nasa ɗaya ne a juji: na ɗansa Tagak, babur ɗin da aka tsamo daga ruwa shekara shida da suka wuce, ba tare da mai shi ba. Simiuni bai taɓa zuwa wajen ba. Ranar ya je ciro shokozobar. Notin ya yi tsatsa, safar hannu ta hana shi kamawa, ya tuɓe ta. Ƙarfen da sanyi ya daskarar ya manne masa, ya kwashe fatar yatsu biyu. Kwana uku yana ɗaurawa, bai nemi kowa ba, mu ma ba wanda ya leƙa.

Ana gobe tafiya ya zagaya gari, babur na tafiya sumul. Ya tambaye ni lokaci, na ce ƙarfe takwas. Mun riga mun shirya shida, don ba mai son jan tsoho a hanya. Ina jin kunyar wannan har yau.

Matata ta ce ya zauna kan babur a bakin gaɓa har azahar, inji na aiki.

Da muka dawo aka yi shela. Bai kawo kwano ba, sai Joanasi ya kai masa har ƙofa.

"Ga hanta, Baba."

Simiuni ya dubi naman, ya miƙo hannun nan mai bandeji ya karɓa.