Ranar da Na Mai da Tauraro Ɓeraye

Shekarun baya, ban daɗe da karɓar takardar 'yancina daga bauta ba, ina aikin kafinta a wata 'yar rumfa a ƙasan gangaren titin da ake kira Ladeira da Praça, a garin da aka kai mu bauta can ƙetaren teku. Sana'ar ba ta kankama ba tukuna, daga gyaran kujera sai ƙafar tebur. Wata safiya abokina, Bahaushe mai dako a tashar jiragen ruwa, ya zo ya ce ya samo mini aiki wajen wata Baturiya 'yar Ingila. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan abincin da ma'aikatan jirgi ke zuwa, iska kuma ta kayar da allon sunan gidan. Ya ce in na kyautata aikin, duk Turawan layin za su san ni.

Na sa rigata mai dama-dama muka tafi tare. Matar ta miƙo mini haruffa huɗu na katako ɗaya bayan ɗaya, tana gaya mini da harshen garin, wato Fotugis ɗinta mai gargada, cewa wannan ne na farko, wannan na biyu, har na huɗu. Sannan ta wuce kasuwa. Ban san rubutun Turawa ba, amma kafin a kamo ni daga gida na yi karatun allo har ina rubuta wasiƙa, don haka ina ji da kaina. Na hau tsani, na kafa na farko a hannun dama, inda na san rubutu ke farawa, na bi da sauran zuwa hagu. Na sauko na ja da baya ina yaba aikina.

Ina tattara guduma da ƙusoshi sai ga ma'aikatan jirgi su biyar. Na gaba ya ɗaga kai ya tsaya cak, sai duk suka fashe da dariya, ɗaya har da dafa bango. Na ɗauka kyawun aikin ne ya burge su, har na ɗan rusuna musu.

Abokina, wanda ya tsinci Ingilishi a bakin jirgi, ya je ya tambaye su, ya dawo yana cizon leɓe. Ya ce, "Ɗan'uwa, sunan gidan nan STAR, wato tauraro. Kai kuma RATS ka kafa. Ɓeraye ke nan. A ƙofar gidan abinci."

Kafin in sake hawa tsanin, matar ta dawo. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta tambaye ni me ya sa na fara daga dama. Tun boren da Musulmi suka yi a garin, duk baƙin mutumin da aka san ya iya rubutun Larabci, 'yan sanda ba sa barin sa ya sha ruwa. Na duƙa ina tsintar ƙusoshi kamar ban ji ba.

Ta rage murya ta ce, "Mijina ya yi aiki a Masar. Na san masu rubutu ta wancan gefen. Ban ga komai ba, sai kafinta mai sauri."

Ta sa na ciro haruffan, ta baza su a kan tebur tana jujjuya su, abokina yana taya ta fassara. Ta jera TARS, ta ce haka ake tsokanar ma'aikatan jirgi. Ta sake jera ARTS, ta ce aikin gwanaye ne irin nawa, in dai an fara daga hagu. Ni da nake jiran kora, sai ga ni ina dariya, ina roƙo ta ƙara wata. Daga ranar, duk aikin da na je yi mata sai ta hargitsa mini wasu haruffa in warware, in kuma faɗi ma'anarsu. Da haka na koyi karatunsu. Ma'aikatan jirgin kuwa ba su daina kiran wurin Gidan Ɓeraye ba, suna kawo 'yan'uwansu su ga inda abin ya faru.

Yanzu na tsufa, ita ma ta koma ƙasarsu da daɗewa. Abin ya koya mini in tambaya kafin in buga ƙusa, ko da ina ganin na sani. Amma in na tuna, ba kunyar ce ke fara zo mini ba. Matar nan ta gano abin da zai iya kai ni kurkuku, ta riƙe bakinta shekara goma sha ɗaya muna hulɗa, ba ta ƙara ɗaga maganar ba ko da wasa.