Kitsen da Ya Biyo Ta Gida

Fuatino ta gaji fawa ne daga mahaifinta, Leota, tare da shagon da ke bakin titin Vaitele a tsibirinmu, da gangar ruwan gishirin da ake jiƙa naman ƙirjin shanu a ciki. A zamaninsa, in ka sayi nama a wurin Leota, kafin ka kai gida takardar ta jiƙe sharkaf da maiƙo, kuma da wannan yake taƙama. A wurin mutanenmu kitse girmamawa ne. Wanda ka ɗauka da daraja shi kake tura wa yanka mai fari a kai. Tsoka zalla kuwa sai yara, sai baƙon marowaci.

Ita ma haka ta yi ta sayarwa, har ranar da mijinta ya dafe ƙirji a bayan kanta ya sulale ƙasa, bai sake tashi ba. Da aka share makoki ta wasa wuƙa ta shiga yanke kitse daga kowane nama. Kowane ƙulli ta manna masa 'yar takarda mai faɗin yawan kitse da gishirin da ke ciki, da hoton jar zuciya a gefe.

"Fuatino, wannan san azumi ya yi kafin ya mutu?" in ji Mele, maƙwabciyarsu, tana jujjuya ƙulli.

"Ke dai saya, zuciyarki za ta gode miki."

"Zuciyata ba ta iya karatu ba, 'yar'uwa. Harshena kuma bai ga abin godiya ba."

Ciniki ya ja baya, daga baya ya farfaɗo, don ma'aikatan asibiti da masu hawan jini sun gano shagon. Kitsen da take cirewa kuwa ta kasa zubarwa. Wane mahauci ne zai zubar da abin da ya saya? Sai ta riƙa tara shi a bokiti bakin ƙofa tana sayarwa da araha, ba takarda, ba hoton zuciya. Duk wayonta a nan ya tsaya.

Ana haka likita ya duba Leota ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun kusa toshewa, in bai bar kitse ba to ya yi sallama da jikoki. Tsoro ya kama Fuatino, tsoro na gaske, don ta riga ta ga yadda abin yake zuwa. Ta karɓe girkinsa gaba ɗaya. Shi kuwa tsohon, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji ƙorafi: "'Yata igiya take ba ni in tauna."

Unguwa ta ji tausayinsa. Ran Lahadi bayan coci gidaje kan yi musayar kwanon abinci, kuma kwanon maƙwabci ba a ƙin karɓarsa. Sai kwanuka suka fara shigowa da sunan Leota, kitse na iyo cikin madarar kwakwa. Kallo ɗaya Fuatino ta yi ta gane yankan wuƙarta. Daga bokitinta ake saya, a dafa, a kawo wa ubanta don ƙauna. Ta daina ajiye bokitin, suka koma saye a kasuwa.

Wata Lahadi Mele da kanta ta kawo kwanon, ta durƙusa ta ajiye gaban tsohon, ta samu wuri ta zauna. Manya na kan tabarma suna cin gwaza, Fuatino na gefe da mafici tana kore ƙuda, kamar yadda 'ya take yi har sai manya sun ƙoshi. Leota ya miƙa hannu, fuskarsa ta washe.

In ta ɗauke kwanon ta ci mutuncin Mele. In ta bari, ya ci. Sai ta ajiye maficin, ta sa hannu a kwanon mahaifinta a gaban kowa, ta ɗebo kitsen ta kai baki. Mace da 'ya'yanta, ta riga uba cin abinci! Ta sake ɗiba, maiƙo na bin haɓarta, hawaye na bin maiƙon.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji Mele.

"Ya yi daɗi, Mele, hannunki da albarka." Ta juya ga tsohon. "Baba, duk wanda aka kawo maka ni zan cinye, kowace Lahadi. In kisa yake yi, ya fara ta kaina."

Leota ya daɗe yana kallonta tana haɗiya da ƙyar. Sannan ya jawo kwanon ya tura shi can ƙarshen tabarma, inda hannunsa ba ya kai, nata ma ba ya kai.

"Mele, Lahadi mai zuwa kifi za ki aiko," ya ce. "Ita ta ci, amma ni ya tsaya wa a ƙirji."