Wayar Yaya a Sikelin Kifi

Bakina ne ya ja min, kamar kullum. Malamin fiziks ɗinmu yana bayanin cewa ilektaron, ɗan mitsitsin abin nan da ke gudu a cikin wayar wuta, shi ma yana da nauyi, sai na ɗaga hannu na ce ai na daɗe da sani, domin waya mai cikakken caji ta fi mara caji jan aljihu.

Aji ya fashe da dariya. Malam ko murmushi bai yi ba.

"Ka auna?"

"Malam, ai ko tukunyar gas aka cika, nauyi take ƙarawa."

"To, kawo min shaida ran Litinin. In ka kawo, na cire ka daga shara har ƙarshen zango. In ba ka kawo ba, ɗakin gwaje-gwaje naka ne kai kaɗai."

Ɗakin nan kuwa, in ka fara share shi daga ƙofa, kafin ka kai bango ka yi gemu.

Ba ni da waya, sai na lallaɓa yayata da wanke-wanke don ta ara min tata.

"Me za ka yi da ita?"

"Bincike, Yaya."

"Binciken gidanku. In ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, kanka zan auna."

Dole in fara auna ta babu caji. Wayar da kullum take mutuwa kafin la'asar, ranar nan ta rantse sai ta ga jikokinta. Na kunna fitilarta, na kunna bidiyo, ina zagaye tsakar gida kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Tana mutuwa na kwasa da gudu zuwa wurin mai gas a Tarauni. Ya ɗora ta a sikelinsa, ya dube ni.

"Samari, sikelina bai ma san ta zo ba. Je wurin Madam mai kifi."

Madam 'yar Kudu ce, tana da shagon daskararren kifi a Gyadi-Gyadi da ƙaramin sikeli mai nuna lamba. Ta goge farantin, ta ɗora wayar, ta ce, "Kai yaro, soyawa za ka yi?" Na haddace lambar, na koma gida, na tarar an ɗauke wuta.

Na zauna, na tashi, na leƙa ƙwan fitilar maƙwabta ya fi sau dubu. Daga baya na kai ta wurin mai caji, na tsaya a kanta ina kallon lambar tana hawa kamar tsohuwa a matakala. Tana cika na fizge ta, na koma shagon Madam. Mutane sun yi layi. Tana ɗauke kifin wani Alhaji, na cusa hannu na ɗora wayar.

Giram biyar ta ƙaru! Na yi ihun da na tabbata an ji shi a Hotoro.

Ran Litinin na shiga aji ina taku ɗaiɗai, na faɗi sakamakona.

"Sikelin wa?" in ji Malam.

"Na Madam mai kifi."

"Ta goge farantin kafin awo na biyu?"

Sai a lokacin na tuna da ɓarɓashin ƙanƙarar da ke kwance a farantin, da yadda bayan wayar ya jiƙe. Malam ya ce caji ba ya ɗura sababbin ilektaron a batir, waɗanda ke ciki yake turawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce firoton, wani mitsitsin abu irinsa, ya ninka ilektaron nauyi kusan sau dubu biyu, amma shi ɗin ma babu sikelin da zai ji shi a duk kasuwannin Kano. Abin da na auna ruwan kifi ne.

Na share ɗakin gwaje-gwaje har ƙarshen zango. Wayar Yaya ta daɗe tana ƙarni, kuma ba ta sake ara min ita ba.